Mai Zuba Shayi a Ajin Burul-eje

Duk wanda ya yi karatu a makarantar Tash-Bulak, ko da ya fara furfura, in ya ji takun takalmin Burulkan sai ya gyara zama bai sani ba. Burul-eje ake ce mata, wato Yaya Burul, yara da iyayensu, don yawancin iyayen ma ta hannunta suka bi. Daga Narin aka auro ta da takardar malanta a akwati, ta tarar da ƙauyen da tumaki suka fi mutane yawa, kuma a ganinta sun fi su jin magana. Mijinta ya rasu tuntuni. 'Ya'yanta suna Bishkek, kullum roƙonta suke ta ajiye alli ta koma wurinsu, ita kuwa ko a jikinta.

Ajinta ba wurin wasa ba ne. Tebura a jere, hannuwa a naɗe. Wanda aka tambaya zai tashi ya je gaban allo, ya juyo ya fuskanci aji, ya ɗaga murya. Haka aka koya mata, haka ta koyar shekara da shekaru, kuma ba ta taɓa ganin abin gyara a ciki ba.

Sai aka kawo mata Sezim. Jikar fari ce a danginsu, don haka tun tana jaririya aka miƙa ta ga kakanninta, suka raine ta can saman dutse wurin kiwo, inda maƙwabci mafi kusa sai an hau doki. Da kakan ya rasu, matarsa, tsohuwa Kalbubu, ta sauko ƙauye da yarinyar. Tun farkon zangon karatu har dusar ƙanƙara ta fara zuba, Sezim ba ta furta kalma ɗaya a gaban allo ba. Za ta tsaya, kai a sunkuye, kunnuwa su yi ja, har Burul-eje ta gaji ta ce ta koma.

Shugaban makaranta, Esenbek, ya ce masu tantance yara za su zo daga gunduma. In suka ga yarinyar ba ta ɗaukar karatu, za a kai ta makarantar kwana ta irin waɗannan yara a birni, tafiyar yini guda, sai hutu ta ga gida. Ana bukatar yardar kakar, kuma Burul-eje aka aika.

Kalbubu na ganinta a bakin ƙofa ta gane.

“Kin zo ɗauke min ita ko? To shigo ki taɓa burodi tukuna, ko da ɗaukar rai ce ta kawo ki.”

Ba a fita gidan mutum ba a taɓa burodinsa ba, dole ta zauna. Sezim ta durƙusa gefen butar shayi tana zubawa kaɗan-kaɗan a kofi, tana miƙawa da hannu biyu.

“Apa, yarinyar nan ba ta magana,” in ji Burul-eje, tana kiranta yadda suke kiran uwa. “Na yi iya yina.”

“Wa? Wannan? Wadda ta kusa toshe min ɗan sauran kunnen da Allah ya bar min?” Tsohuwar ta harare ta. “Ke ma ki daina zuba mata ido mana, sai ka ce mikiya ta ga ɗan rago. Kalli shayinki.”

Rabon da wani ya ba Burul-eje umarni har ta manta. Amma ta sunkuya ta kalli kofinta. Kalbubu ta ɗauki ɗinkinta, ta ce kamar da bango take, “Ni fa na manta, jiya ina aka ce ruwan kogi yake zuwa in rana ta ɗauke shi?”

Can sai ga wata 'yar murya daga gefen buta, ta fara a hankali, ta ƙara ƙarfi, kafin ka ce me ta zama muryar Burul-eje sak: “Ruwa ya zama tururi, tururi ya hau sama... Almaz! Wa ya ce ka buɗe baki? Gyara zama! ...ya haɗu da sanyi ya zama girgije.” Darasin jiya ne kaf, har da tarin da malamar ta yi a tsakiya.

Tsohuwar ta yi dariya har da dafe ciki. Burul-eje ta so ta ji haushi, haushin ya ƙi zuwa. Daɗi ne ya rufe ta.

“To me ya hana ta yin haka a aji?”

“'Yata, a gidanmu yaro ba ya tsayawa a kan babba yana ɗaga murya. Marigayi in ya tsayar da ita a gabansa, to laifi ta yi. Magana kuwa a zaune ake yi, hannu na aiki. Ke kullum sai ki tsayar da ita a gaban jama'a. Laifin me ta yi miki?”

Burul-eje ta koma gida ba ta ko ambaci maganar yarda ba.

Kar a ce cikin fara'a ta canza ajinta. Da mita ta yi, tana tsaki. Ta sa aka tura rabin teburan jikin bango, ta ɗauko shirdak ɗin aurenta, dardumar gashin tumaki da ko 'ya'yanta ba ta bari su taka, ta shimfiɗa kusa da murhu, ta ɗora buta. Ta ce mai son allo ga allo nan, mai son amsawa a zaune ya gaya wa na kusa da shi, ita za ta zagayo ta ji. Daga nan abubuwa suka yi ta fitowa waɗanda ba ta nema ba. Almaz, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ashe in aka bar masa ƙasusuwan tumakin da yake wasa da su, lissafin rabawa ba ya ba shi wuya. Wasu tagwaye da suka taso a Mosko, waɗanda ta ɗauka taurin kai ne da su, harshen gida ne bai zauna musu ba. Da ta haɗa su da wata mai surutu sai ga su sun warware. Wasu ranakun kuwa ajin kasuwa yake zama, ta koma gida da ciwon kai tana rantsuwar gobe za ta mayar da teburanta.

Esenbek ya leƙo wata safiya. “Eje, biki ake yi? Ina amaryar?”

“Esenbek, a ajin nan na share maka majina. Ja min ƙofa, ɗumi na fita.”

Sezim ta fara magana, amma a kan shirdak kaɗai, kuma da waɗanda ta saba da su. Baƙi fa? Wannan ne ya hana Burul-eje sukuni.

Ranar da masu tantancewar suka zo, Kalbubu ta riga su isowa da ƙunshin kayan yarinyar, ta zauna a kansa a baranda, ta ƙi shiga. Su biyu ne: wata likita mai suna Cholpon da wani saurayi mai jaka. Saurayin ya nemi ɗaki da kujeru biyu, a kawo yarinyar ta tsaya a gabansu.

“Kun keto ƙanƙara,” in ji Burul-eje. “Ku wuce can ciki ku sha shayi.”

“Eje, ba shayi ya kawo mu ba.”

“Ɗana, a wane gari aka haife ka, da ake ƙin shayi?”

Ya cire takalmi. Suka zauna a wurin baƙi, yara na kewaye da su, Sezim na gefen buta. Burul-eje ta raɗa wa likitar, “Ƙanwata, don Allah kofinki za ki tambaya. Kar ki kalle ta.”

Cholpon ta dube ta jim kaɗan, sannan ta karɓi shayi, ta ce wa kofin, “Doki, saniya, tunkiya, kerkeci. Wanne ne bare a cikinsu?”

Sezim ta ci gaba da zuba shayi. Saurayin ya buɗe baki, likitar ta taɓa hannun rigarsa. Burul-eje na tsaye jikin allo, ta matse alli har ya karye.

“Saniya,” in ji Sezim.

Saurayin ya fara rubutu.

“Sauran duk suna neman abincinsu da kansu a cikin ƙanƙara,” yarinyar ta ci gaba, idonta na kan shayin da take zubawa. “Saniya sai an kai mata. Amma na san kerkeci kuke so in ce.”

Cholpon ta kwashe da dariya. “Wallahi kakana ma haka zai ce!” Ta tura littafi kusa da buta, yarinyar ta karanta, da gargada amma ta kai ƙarshe. Aka yi lissafi, ta kuskure ɗaya ta gyara da kanta. Saurayin ya soke abin da ya rubuta, ya miƙa kofinsa a ƙara masa.

“Eje, wannan ba tamu ba ce,” in ji likitar da suka tashi. “Ki riƙe abarki. A dai ci gaba da barinta ta amsa a zaune.”

Almaz ne ya fita a guje ya kai labari baranda. Kalbubu ta shigo tana jan ƙunshin. Ta kwance shi a tsakiyar aji, ta ture rigunan gefe, ta fito da guzurin hanyar da ta haɗa wa jikarta, soyayyen burodi da busasshen cuku, ta shiga watsa wa yara, hawaye na bin kumatunta.

Burul-eje ta tako daga jikin allo. Ta sulale ta zauna a kan shirdak, a tsakiyar yaran, abin da ba wanda ya taɓa gani a Tash-Bulak.

“Tashi mana, 'yata, kina malama,” in ji tsohuwar tana share ido.

“Apa, ƙyale ni,” ta ce. “Sezim, zubo min shayi.”