Godiyar da Malam Meshak Ya Ɓoye

Malam Meshak ya shekara ashirin yana ba da magani a wani ƙaramin asibitin mishan kusa da Manchok. A 1974 wata mai bincike, Dokta Emilia, ta zo gwajin sabon maganin hawan jini, ta danƙa masa tsofaffi arba'in. Shi ke raba musu ƙwayoyi, shi ke auna jininsu kowace Litinin.

Sai dai a ƙasarsu mutum ba ya shan abu mai daraja shi kaɗai. Tsohon da ya karɓi ƙwaya bakwai yakan ba matarsa biyu, ya aika wa maƙwabci ɗaya. Meshak ya sani, amma ya ji nauyin tsawata wa sa'o'in mahaifinsa.

"Malam, suna shanyewa kuwa?" in ji Dokta.

"Suna sha, Likita."

Bayan shekara biyu rahoton ya fito cewa maganin ba ya yi wa mutanen yankin aiki, aka daina kawo shi. A shafin ƙarshe an gode wa Meshak saboda riƙon amana. Bai taɓa nuna wa kowa shafin ba. Duk tsohon da ya zo neman ƙwayar, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ta ƙare."