Zaren Kamun Kifi a Jikin Jita

Na sayi jitar ne ta hannu a Sabon Gari, a shekarar da na fara son 'yar maƙwabtanmu a Kwaciri. Mutanen Borno ne, sun daɗe a Kano. A littattafan da nake karantawa, masoyi wasiƙa yake rubutawa. Ni kuwa na ga waƙa ta fi, na yi wata uku ina tsara ta.

Mahaifina malamin makaranta ne, jikan alƙalai, ba a kiɗa a gidansa. Bayan sif nake ɓoye jitar. Don kada ya jiyo, na cire tsirkiyoyinta na ƙarfe na ɗaura zaren kamun kifi, irin wanda na ga masu gurmi suna ɗaurawa. Ba ya cin yatsa, ba ya ƙara. Na ji daɗin dabarata ƙwarai.

Sai labari ya zo cewa mahaifin yarinyar ya yi ritaya. Ranar Lahadi za a yi wunin bikin yayarta, Litinin su koma Maiduguri. Ban taɓa gaya mata komai ba. Mai kiɗan bikin abokina ne, ya yarda zai ba ni minti biyar bayan la'asar.

Fikof ɗin jitar, wato ɗan maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ya kai wa lasifika, a mace na saye shi. Ranar Juma'a na kai ta wurin wani dattijo Ibo, haifaffen Sabon Gari, mai gyaran kayan kiɗan coci. Kafin in tafi na kwance zaren, ina kunyar ya gani ya yi dariya. Ya sa sabon fikof, ya jona, ya ƙwanƙwasa shi da sukundireba, shagon ya amsa.

"Ka ji ko, Malam? Kurma ma zai waiwayo. Ina tsirkiyoyin?"

"Suna gida, Oga," na ce. Ina komawa gida na mayar da zarena.

Ranar Lahadi da azahar muka gwada a ƙarƙashin rumfar bikin. Na kaɗa, abin da ya fito bai fi kukan sauro ba. Muka canza waya. Muka murɗa ƙara har ƙarshe, lasifika ta kama huci. Abokina ya ce wuta ce ba ƙarfi, aka tada janareta. Na ɗaga fikof ɗin da sukurorinsa har ya kusa taɓa zaren. Duk a banza.

Na hau adaidaita zuwa Sabon Gari. Na manta Lahadi ce. Shagon a kulle, kuma daga wani coci ina jiyo jitar wani tana tashi kamar za ta tsaga kwano. Na tsaya a rana da tawa a cikin buhu, sannan na juyo.

Bayan la'asar aka kira ni. Yarinyar tana zaune a layi na biyu, hannunta duk lalle. Na fara. Babu kiɗan da zai rufa wa muryata asiri. Wata Hajiya ta ɗaga murya daga baya: "Kai ɗan nan, kiɗa kake ko susa kake wa jitar?" Mata suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dube ni sau ɗaya, irin kallon da ake wa wanda ya faɗi a kan babur, ta sunkuyar da kai. Na tsaya a baiti na farko. Abin da nake so ta ji yana na uku.

Da safe ina ganin ana loda kayansu a mota, na bi ta ɗaya lungun.

Da na isa shagon, dattijon bai ko jona jitar ba. Ya ja zaren da farce, ya dube ni.

"Kifi za ka kama? Maganaɗisu ƙarfe yake ji, Malam. Wa ya ce ka sa wannan?"

Na gaya masa zancen mahaifina. Bai yi dariya ba. Ya ɗaura tsirkiyoyin ƙarfe, ya kaɗa ba tare da ya jona ba. Da ƙyar na ji.

"Irin wannan jitar, in ba lasifika, ba ta da murya. Ko a ɗakin babanka ka kaɗa, zai ci gaba da karatunsa."

Sannan ya jona, ya miƙo mini. Na kaɗa waƙar har baiti na uku, sautin ya cika layin. Wani mai sayar da batir ya leƙo ya ce mu rage, yana waya.