Zaman Kawu a Hayyin Ashir

Shekarata ta uku a Alƙahira, ina karatu, mijina ma yana nasa, Umma ta kira ni ta ce za a kawo yayanta asibiti, a gidanmu na unguwar Hayyin Ashir zai sauka. Ban taɓa ganinsa ba. Ina goye a bayanta aka kama shi.

Tela ne a kasuwar garinmu. 'Yan fashi suka shiga gidan wani ɗan kasuwa suka kashe shi, sai wani maƙwabci ya rantse ya ga Kawu a cikinsu. Kawu ya ce yana shago yana ɗinkin sallah, amma waɗanda suka gan shi a can tsoro ya hana su zuwa kotu. Aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai da rai. Sai bayan shekara ashirin da ɗoriya, da aka kama ɗaya daga cikin 'yan fashin a wani laifin, ya faɗi abokansa, ya ce telan nan ko saninsa ba su yi ba. Aka sake shi, ƙodarsa ta riga ta lalace. Dangi suka haɗa kai suka turo shi Masar.

Dogo ne, ya rame, haƙoransa na gaba babu. Da na durƙusa gaishe shi ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ke ce mai sunan Inna?" Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarsa. Tun daga ranar bai kira ni da komai ba sai Innata.

Mun gyara masa ɗaki da gado, amma a ƙasa yake kwana, ya manna bayansa da bango. In na kawo abinci ya cinye da sauri kamar za a ƙwace, burodin da ya rage ya cusa a aljihu. In zai shiga banɗaki sai ya tsaya a ƙofa yana kallon mijina. Mijina ya ce, "Kawu, gidanka ne, ba sai ka tambaya ba." Ya yi murmushin kunya ya ce ƙafar ce ta saba.

Ni nake raka shi asibiti a Abbasiya, tunda ba ya jin Larabcin mutanen nan. Tsallaka titi shi ne tashin hankalinmu. Motoci na hon, kwandasta na ihun yalla yalla, shi kuwa ya daskare a bakin hanya, sai na riƙe hannun rigarsa na ja shi.

Wata rana da la'asar, mun dawo daga wankin ƙoda, muna zaune a baranda ina gyaran alayyafo, na tambaye shi ko ya yafe wa mutumin da ya yi masa shaidar zur.

"Wannan na bar shi da Allah tuntuni," ya ce. "Ba shi ke damuna ba."

Na ɗauka maganar ta ƙare, sai ya ci gaba.

"Inna ta rasu, ba a faɗa mini ba sai bayan shekara biyu. Duk wanda ya zo ziyara sai in ce a gaida Inna. In ya dawo ya ce tana amsawa, ta ce in ƙara haƙuri. Har hula na saƙa a ciki na sayar, na ce a saya mata goro. Innata, shekara biyu ina yi wa mutum addu'ar lafiya, alhali addu'ar rahama take bukata."

Na ce don kada hankalinsa ya tashi ne suka ɓoye. Ya ce ya sani, bai ga laifinsu ba. Bai yi kuka ba, ni na yi, har maƙwabciyarmu Basudaniya ta leƙo tana cewa ma'alish, wato in yi haƙuri, ba ta ma san me ya faru ba.

Da sanyi ya fara shigowa, likita ya kira mu ni da mijina, ya ce jikin ba zai ɗauki dashen ƙoda ba, an makara ƙwarai. Da na fassara wa Kawu, cewa ya yi, "Khalas, shi ke nan, ko ba haka suke cewa ba? Ku mayar da ni gida." Yana so ya ga 'yarsa, wadda ta tashi a gidan wani, don shi da kansa ya saki uwarta tun farkon ɗaurin, kada ta ƙare tana jiransa.

Ya gan ta, ya ɗauki jikokinsa. Kafin azumi ya rasu. Ban samu zuwa ba, jarrabawa ta tsare ni. Umma ta ce an yi jama'a sosai, amma wasu gidaje a layinmu ba su fito ba. Har ranar da aka kai shi, suna nan a kan cewa ruwa ba ya tsami banza.