Zanen da Kaka Ta Ƙi Wankewa

Kwana uku ke nan wata ƙara ta hana ni sakat a mota. Faf, faf, faf daga baya, kamar ana kakkaɓe tabarma. Da na kai ta gareji a nan Safana, bakanike ya leƙa ya ce robar nan ce ta bayan taya, mai tare laka, ta yage tana jan ƙasa. "Malam, a cire su duka a huta. Ado ne kurum, ba su ƙara ma mota gudu." Na ce ya dakata. Na yi ta kai da komo ina jujjuya makulli a hannu, na kasa cewa e, na kasa cewa a'a. Ka san abin da ya tsaya mini a rai? Wani shuɗin zane ne na kakata.

A ƙauyenmu, can gefen Wagini, Baffa, yayan mahaifina, shi ya fara sayen mota. Tsohuwar a-kori-kura ce, yana kwasar buhunan gero da wake da awaki zuwa kasuwar Batsari. Mutum ne mai gaggawa, in an bar shi ko tuwo a tsaye zai ci. Shi ne ɗan farin Kaka, ka kuwa san kunyar ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. In ya shigo gaisuwa, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In tana da saƙo, ni take ba, ko da yana tsugune a gabanta. "Maigidana," haka take kirana cikin wasan kaka da jika, "ka ce ma mutumin can kaza." Amma duk ranar kasuwa ita ce a gaban mota, tana kallon taga, tana ɓoye murmushi.

Damina ta yi tsakiya, gero ya kai ƙugu, ranar da abin ya faru. An kwana ana ruwa. Da hantsi muka fito kai wa masu noma fura, Kaka da ƙwarya a ka, ni a baya da ludayi. Hanya ta yi caɓal, kwaɗi na ta kuka a kududdufi. Muka ji ƙugin mota, muka raɓe jikin gona. Motar Baffa ce, shaƙe da kaya. Ta wuce mu kaɗan sai ta faɗa wani kwari, ya taka wuta don ya fita, tayoyin baya suka kwaso jar laka suka watso mana. Faifan da aka rufe ƙwarya da shi ya faɗi, laka ta shiga furar. Buhuna sun tare masa madubi, bai gan mu ba, ya yi gaba abinsa.

Kaka ta share ido da gefen mayafi, ta dube ni.

"Me ka gani?"

Na ce na ga Baffa.

"Ba ka ga kowa ba. In na ji a bakin wani, aurenmu ya mutu, kuma ba sauran ƙanzo."

Muka koma gida aka sake dama wata furar. Ta tuɓe shuɗin zanen da laka ta ɓata ta rataye a igiya ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinta, inda ruwan sama ba ya kaiwa, daidai inda Baffa ke durƙusawa kullum da safe. Mahaifiyata ta ɗauko za ta wanke, Kaka ta ce a mayar. Laka ta bushe a jikinsa, ya yi ƙiƙam kamar fata. Ranar kasuwa ta zagayo, Baffa ya yi oda a ƙofar gida, ta ce in ce masa ba ta zuwa. Wata kasuwar ma haka.

Baffa ya shiga damuwa. Uwa ta ƙi motar ɗanta, ai ba ƙaramar magana ba ce, har an fara raɗe-raɗi a bakin masallaci cewa motar ba albarka. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi matarsa, ya kawo goro, ya kawo turmin atamfa. Kullum sai ya tsuguna ƙarƙashin zanen nan, wani lokaci har ya ture shi da hannu don ya samu wuri, bai taɓa ɗaga kai ya tambayi abin da ya ɓata shi ba. Ni kuwa maganar na ci na a ciki. Na daina zama wuri ɗaya. Ina jin tausayinsa, ina jin haushinsa, ina tsoron Kaka.

Ana nan sai ga saƙo daga Zakka, ƙanwar Kaka ba lafiya, jiki ya yi tsanani. Baffa ya kawo mota bakin zaure, ya bar ta a kunne. Kaka ta ɗaura ƙunshinta, ta ɗauki sanda, ta ce a ƙasa za ta tafi. Tsohuwa, a wannan laka, tafiyar da ko saurayi sai ya wuni. Mahaifina ya yi roƙo har ya gaji. Ina ganin ta doshi ƙofa, ban san lokacin da na fizgo zanen na miƙa wa Baffa ba. Na faɗi kome, har furar da aka zubar.

Ya murza zanen, busasshiyar laka ta zubo masa a tafin hannu. Ya fita ya kashe mota, ya jawo wata tsohuwar taya daga bayan rumbu, ya yi ta yanka da wuƙa yana gumi. Ya sa ƙusa a wuta ya huda robar, ya ɗaure da waya a bayan tayoyin. Har yau ina jin ƙaurin robar nan. Sannan ya dawo ya durƙusa.

"Inna, a gafarce ni."

Kaka ta juyo gare ni. "Ka ce mashi ni na yafe tun bisa hanya, ni na haife shi. To, wadda ba ita ta haife shi ba fa, me za ta ce in ya wuce?"

Ta shiga mota, sun kuwa tarar da ƙanwar da ranta. Ni dai an kira ni mai tsegumi, aure ya mutu na kwana biyu, a na uku aka ba ni ƙanzo.

Yanzu motoci da babura sun cika hanya, kowa na sauri ya isa gida kafin rana ta yi sanyi, har da ni. Bakaniken nan bai yi ƙarya ba. Robar ba ta ƙara gudu, kowace damina sai ta yage, kuma direba ba zai taɓa ganin amfaninta ba, domin duk aikinta a bayansa take yi. Baffa ya daɗe da sayar da mota, ido ya yi rauni, da sanda yake bin gefen hanya zuwa masallaci. Makon jiya na je gaishe shi, na ga ɗigon jar laka tun daga gefen rigarsa har kafaɗa. Bai ma san da shi ba.

Na miƙa wa bakanike makulli, na ce ya sa sababbi, duka huɗun, dogaye.