Matar Da Ta Ƙi Faɗin Sunan Rabi

Cikin shekarun da na yi a gidan yaranmu na Ƙofar Kwaya, akwai wata Talata da ba na mantawa da ita, kuma ku sababbin ma'aikata ya kamata ku ji labarinta.

Lokacin ina jami'ar bin diddigi. Aikina shi ne nemo dangin yaran da ake tsinta suna kwana a tasha ko rumfunan kasuwa, yawancinsu daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa. Ƙungiyarmu ba ta yarda yaro ya girma a hannun ma'aikata ba. Shugabarmu Hajiya Talatu kan ce amana muke riƙe wa dangi kafin su zo. Amma ba a ba da yaro sai mai nemansa ya faɗi sunansa da na iyayensa, ya kawo shaidar mai unguwa, kuma yaron ya gane shi. Mun ƙara tsanantawa a lokacin, domin ba da jimawa ba wani ya zo da takardar bogi yana neman 'yan mata biyu, ashe aikatau zai kai su.

Da safen nan mai gadi ya shaida mini cewa kwana uku ke nan wata mata tana tsayawa gindin dalbejiyar da ke kallon ƙofarmu, tana leƙen yara idan sun fito makaranta. Na ce ya shigo da ita. Ramammiya ce, hijabinta ya koɗe, ba ta da takarda ko ɗaya. Muka gaisa, ta ce wata yarinya ta zo nema.

"Yaya sunanta?" na tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai. "Mai tabon ƙuna a hannun hagu, Malama."

"Sunanta na tambaye ki."

"Ai kun san ta."

Rabi ce mai tabon, 'yar shekara tara. Amma tabo kowa na iya hangowa daga gindin bishiya. Na ce, "Mece ce ita a wurinki?"

Ta ce da ƙyar, "Ta ɗakinmu ce."

Na buɗe fayil ɗin Rabi. Da hannuna na rubuta cewa uwarta ta rasu, domin ranar da aka kawo ta ta ce mini an kashe Inna a gabanta. Na sa aka kira yarinyar. Da ta shigo, matar ta kau da kai ta dubi bango. Rabi ta durƙusa daga bakin ƙofa, ba ta matsa ba, ba ta yi kuka ba. Nan zuciyata ta gama yanke hukunci. Na ce wa mai gadi kada ya bar matar ta fita, na wuce ofishin Hajiya na ce a kira 'yan sanda.

Hajiya ta ce, "Malama Binta, bari in gan ta tukuna."

Ta ƙi zama kan kujera, ta shimfiɗa tabarma ta zauna kusa da matar. Ta gaishe ta da gajiya, da mutanen gida, da haƙurin abin da ya faru. Ni ina tsaye ina jin ana ɓata lokaci. Can sai ta rage murya ta ce, "Ita ce ta fari ko?"

Matar ta ja hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta suka soma rawa.

Hajiya ta ja Rabi waje, na bi su. Ta tambaye ta, "Wace ce Inna?"

"Kakata ce. Wurinta nike tun da aka yaye ni."

"Wannan fa?"

"Yaya muke ce mata."

"Ita ta haife ki?"

Rabi ta ɗaga kai alamar eh, hawaye suka zubo mata.

Na san kunyar 'yar fari sarai. Ni ma kakata ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunan babana ba, don shi ne ɗanta na fari. Zargi ne ya cika mini kai har na kasa gane abin da na tashi a cikinsa. Daga baya muka ji cewa maharan sun tafi da matar, ta yi watanni a daji, da ta kuɓuta ta yi ta bin tasha-tasha tana cigiya.

Duk da haka ba mu ba ta yarinyar ranar ba. Sai da mai unguwarsu, wanda ke gudun hijira a unguwar Gobarau, ya zo da shaidu biyu, ni kuma na je na ga ɗakin da take zaune.

Ranar tafiya na raka su daga nesa. Uwar tana gaba, Rabi tana baya, kamar ba tare suke ba. Da suka sha kwana, uwar ta waiga ba ta ga kowa ba, sai ta durƙusa ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu ta daɗe tana kallo.

Zargi yana cikin aikinmu, kada ku bar shi, domin shi ke tsare yaran nan. Amma kafin ku rubuta "ta rasu" ko "ƙarya take", ku zauna ƙasa ku tambayi mutane yadda ake tambayarsu a gidajensu. Ni saura kaɗan in miƙa uwa ga 'yan sanda saboda ta yi wa 'yarta kunya.