Jan Biron Inna Malama

Duk wanda ya san Inna Malama a Batsari ya san jan biron nan da take sokewa a gefen ɗankwali. Ita ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, amma biron bai yi ba. Komai sai ta ba shi maki. Ka kawo mata fura, ta kurɓa, ta ce, "Shida bisa goma, nonon ya kwana." Ɗan acaɓa ya sauke ta, ta ce, "Uku. Ramin bakin kasuwa da gayya ka faɗa shi." Ranar da mijina ya fara zuwa gaishe ta, sallamarsa ta yi mata gajarta, ta ce ya koma waje ya sake. Wallahi ya koma! Kuma ba mu taɓa jin ta ba wani goma ba. In an yi magana sai ta ce, "Goma ba ta ɗan Adam ba ce."

Yayar mahaifiyata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba ta haihu ba, amma takan ce rabin Batsari 'ya'yanta ne tunda ita ta koya masu karatu.

Abin da ya fi ci mata rai a duniya shi ne Mama, ƙanwarta Dije. Bayan rasuwar Babanmu, Mama ta fita takaba amma kamar ba ta fita ba. Shekara huɗu tana ɗaki a gidan yayana a Safana, daga sallaya sai gado. Matar da in ta yi dariya har maƙwabta ke ji, sai ga shi murmushi ma ya gagara. Ga kuma Malam Isuhu na Karare, manomin gyaɗa, wanda ya so ta tun suna ƙuruciya Allah bai yi ba. Shi ma matarsa ta rasu. Duk Juma'a sai ya zo Safana, ya gaida yayana, ya tambayi ruwa da shuka, ya ajiye kwanon gyaɗa, ya hau babur ya koma. In muka taɓa wa Mama zancen sai ta ce, "Ni da jikoki? Ku rufa mani asiri."

Inna Malama ta yi lallashi, ta yi faɗa, bai yi ba. Sai ta ce za ta rubuta littafi.

To, kun san halinta, ba ta sayen abin da take da irinsa. Tana da akwati cike da tsofaffin littattafan 'yan makaranta, tana cewa haramun ne a zubar da takarda da sauran fili. A guraben da yara suka bari ta riƙa rubuta labarin wasu mata biyu, ya da ƙanwa, da suka manyanta, da wani bazawari mai nauyin baki. Ƙanwar ta sa mata suna Dija. Bazawarin kuma Malam Yusufa. Na ce, "Inna, ai ko makaho ya gane su." Ta ce, "Wa ya tambaye ki? Biyu."

Bayan Azahar mata kan taru a tsakar gidanta suna ɓarar gyaɗa, ita kuma ta gyara tabarau ta karanta masu. Matsalar ita ce aikin yaran na nan a tsakiyar shafi, kuma idonta ba ya iya wuce kuskure. Sai ka ji ta ce, "Malam Yusufa ya sunkuyar da kai, ya ce, Dija, tun ranar da na gan ki a bakin rijiya... bakwai sau takwas hamsin da huɗu? Kai, wannan yaro! Yanzu haka yana ofis yana sa hannu a takardun mutane!" Sai ta zaro biro ta gyara, mata suna ta roƙo, "Malama, don Allah me ya ce mata?"

Labari ya kai Karare. Ran nan sai ga Malam Isuhu a ƙofar gida, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Malama, an ce a littafin an sa mani sanƙo."

Ta ce, "Cire hular mu gani."

Bai cire ba. Ya ce, "Kuma an ce na shekara biyu ina zarya ban ce komai ba."

"To ka ce?"

Ya gyara zaman hularsa. Ta ce, "Isuhu, zawarcinka ɗaya bisa goma. Ɗayar ma don gyaɗar ce." Juma'ar da ta biyo ya buɗe baki ya gaya wa yayana abin da ke kawo shi.

Saura Mama. Ita da ta ji ana karanta ta a Batsari, matar da ba ta leƙa ko zaure ta yafa mayafi ta hau acaɓa tun daga Safana. Ina wurin ta shigo, ta tarar da mata cike da tsakar gida. Ta ce, "Yaya, kin tona mani asiri a gari!"

Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ke Dije ce, wannan Dija ce. Zauna ki ji ƙarshe. Tunda ƙanwar ta ƙi, yau yayar za ta aure shi."

Mama ta zauna a bakin tabarma, fuska a ɗaure. Inna ta karanta yadda yayar ta share ɗaki, ta sa turare, ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa wa Malam Yusufa miyar kuka, ya ci har da lasar kwano.

Sai muka ji Mama ta ce, "Ba ya cin kuka! Tun yana saurayi kuɓewa ɗanya yake so."

Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, tsakar gida ta ɗauka. Mama ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, irin waccan ta da. Inna ta rufe littafi ta ce, "Na san ba ya ci. So nake in ji ko wata ta sani."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure. Mama na Karare har yau, ta yi ƙiba, tana faɗa da Malam Isuhu a kan awaki. Mata sun sha tambayar Inna, "To yayar fa, ba za a yi mata aure ba?" Sai ta ce, "A kawo wanda ya kai biyar tukuna." Ni kam ina alfahari da ita. Malaman makaranta da yawa sun yi ritaya sun zauna, ita kuwa da tsoffin takardu ta dawo mana da uwa.

Da Inna ta rasu damina waccan, ni da Mama muka buɗe akwatin. Littafin ƙarshe na wata yarinya ne 'yar aji uku. A bangon baya, ƙarƙashin zanen kaza, Inna ta yi rubutu da jan biro, kuma wannan karon ba ta ce Dija ba: "Yau Dije ta yi dariya. Goma bisa goma."

Mama ba ta iya boko ba, ni na karanta mata. Ta karɓi biron ta soke a ɗankwalinta.

Allah ya jiƙan Inna Malama, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta. Ranar da za a raba wa kowa littafinsa, Allah ya miƙa mata nata a hannun dama. Amin.