Kunun da Ya Hana 'Yata Aiki

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙauyenmu a bayan Tofa, ni da tsohuwata da 'yata mai shekara bakwai. Da tsagaggen leɓe aka haife ta. An ɗinke tun tana goye, amma ɗinkin bakin buhu aka yi mata, miƙe sambal. Da ya warke sai ya tattare, ya ja leɓen sama, haƙori a waje. Kullum bakinta cikin hijabi yake.

Sati biyu kafin nan likita a Kano ya zana mini yadda zai gyara. Zai yanka a karkace, tabon ya bi layin da ya sauko daga hanci, jan leɓen ya haɗu daidai. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar aiki kada komai ya shiga cikinta.

Hanya kuwa ramuka ne da ɗan kwalta a tsakani. Direba ya cusa mu huɗu a baya, ga buhun gero a kan ƙafata. Muna isa Rijiyar Zaki na ga tsohuwa ta zaro gora. Rubutu ta karɓo wa yarinya wurin malamin garinmu, ta dama shi cikin kunu don ya shiga da daɗi.

Ta miƙa mata, yarinya ta sha, na gani da idona. Na yi shiru. Ta yaya zan tsawata wa uwata a cikin mota, gaban mutane?

A asibiti ma'aikaciya ta tambaya ko ta ci wani abu. Yarinya ta ce kunu.

"Wannan ai ba abinci ba ne, 'yar nan, rubutu ne," in ji tsohuwa.

"Inna, in ta yi amai cikin barcin allura, cikin huhu aman zai tafi. Yau ba aiki."

Aka ba wa wani yaro gurbinta. Mu kuma sai bayan kaka.

Haka muka juyo gida. Tsohuwa ba ta san asibiti ba, alheri ta nufa. Ni aka yi wa bayani, ni ne kuma na haɗiye harshena don kunya. Abin da na koya ke nan, kuma har yanzu yana ci mini rai.

A bakin gari ƙawayenta suna jira, don ta ce musu da sabon baki za ta dawo. Tun kafin mota ta tsaya ta ja hijabi har hanci.